Idon Tankar Yaƙi da Uzurin "Ban Gani Ba"

(Laccar da aka gabatar a zauren taro na Ƙungiyar Ɗalibai)



Muna godiya ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta ba mu wannan dama ta tsayawa a gabanku. Mun sani akwai waɗanda da suka ga kan maganarmu a allon sanarwa suka ce a ransu, me ya haɗa kifi da kaska, ina ruwan ɗalibi da tankar yaƙi? Muna roƙon waɗannan su ba mu aron kunnuwansu, domin kuwa za mu fara ne da labarin wasu ɗalibai.

Ranar 13 ga watan Yuni, 2002, a yankin Yangju na ƙasar Koriya ta Kudu, wasu 'yan mata biyu 'yan makaranta, masu kimanin shekara 14, suna tafe a gefen wata ƙuntatacciyar hanya za su bikin ranar haihuwar ƙawarsu. Sai ga jerin motocin sojan Amurka da ke atisaye a wurin. Ɗaya daga cikinsu, wata ƙatuwar mota mai sulke da aka gina bisa gangar jikin tanka, ta bi ta kansu, nan take suka rasu. Da aka zo bincike, bayanin da ya fito shi ne direban ba ya iya ganin gefen damansa, saboda kayan da ke jikin motar sun tare masa. Kwamandan da ke sama ya hango yaran, ya kuma yi masa magana ya tsaya, amma maganar ba ta isa kunnensa ba. A watan Nuwamba na wannan shekara kotun sojan Amurka ta wanke su su biyun, mutanen Koriya kuwa suka cika titunan birnin Seoul riƙe da kyandirori suna nuna fushinsu.

Kalmomin da suka wanke direban nan uku ne kacal: ban gani ba. Fiye da shekara ɗari ke nan wannan uzuri yana bin motoci masu sulke duk inda suka shiga, kuma sau da yawa akwai gaskiya a cikinsa. Na'urar da za mu yi magana a kanta yau, watau tsarin kyamarori da ake jerawa kewaye da motar don waɗanda ke ciki su ga kowane gefe, an ƙirƙiro ta ne don a kawar da wannan makanta. Abin da muke so mu nuna shi ne, idan makantar ta kau, wajibi ne uzurin ma ya bi ta.

MAKANTAR MAI SULKE

Kakanninmu sun san cinikin da ke cikin sulke. Barden da ya sa kwalkwali, ya lulluɓe dokinsa da lifidi, ya tsira daga kibiya, amma ya biya da nauyi da rashin saurin waiwaye. Haka abin ya kasance ga tanka tun ranar da aka fara shiga da ita fagen fama, watau 15 ga Satumba, 1916, lokacin da Ingilishi suka fito da ita a kusa da ƙauyen Flers na Faransa, a yaƙin kogin Somme. Mutum takwas ne a cikin kowace, suna leƙen waje ta wasu 'yan tsagogi da aka yanka a jikin ƙarfen. Ba a jima ba Jamusawa suka gane cewa in sun auna tsagogin nan, harsashi zai tarwatse, ɓarɓashinsa ya shiga ya sami idanun waɗanda ke ciki. Har ta kai ana raba wa sojojin tanka wani takunkumi na fata da sarƙa su rufe fuska, wanda shi kuma ya ƙara rage musu ɗan ganin da suke da shi.

Daga nan aka koma ga madubin leƙe, wanda ke karkato haske daga sama ya sauko da shi zuwa idon mai kallo, ta yadda idon ba ya fuskantar harsashi kai tsaye. A shekarar 1936 wani injiniyan sojan ƙasar Poland, Rudolf Gundlach, ya yi rajistar wani irin madubi mai juyawa da ke ba kwamanda damar ganin bayansa ba tare da ya tashi daga mazauninsa ba. Ingilishi suka ɗauke shi, Rashawa suka kwaikwaya, ya zamanto yana cikin dubban tankokin Yaƙin Duniya na Biyu. Duk da haka, madubi yana nuna gefe ɗaya ne a lokaci ɗaya, kana ba ya nuna abin da ke dab da jikin motar. Mutum yana iya tsayawa taku kaɗan daga wannan dodon ƙarfe mai nauyin tan 50 ko 60, babu wanda ya san da shi a ciki.

Saboda haka kwamandojin tanka suka ɗauki al'adar buɗe murfi su fito da kai, su yi yaƙi da idanun da Allah Ya ba su. Sojan Isra'ila sun shahara da wannan, sun kuma biya farashinsa a yaƙin Oktoba na 1973, inda kwamandoji masu yawa suka mutu ko suka jikkata suna tsaye rabin jikinsu a waje. Wanda ya rufe murfin shi ma bai tsira ba. A jajiberin sabuwar shekara, 31 ga Disamba, 1994, Rashawa suka kutsa birnin Grozny na Checheniya da jerin tankoki da motocin ɗaukar soja. Mayaƙan Checheniya suka bar su suka shige tsakiyar gari, sa'an nan suka dinga yi musu ruwan rokokin kafaɗa daga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da saman benaye, wuraren da na cikin motocin ba sa gani, igwoginsu kuma ba sa iya sunkuyawa ko ɗagawa su kai. Birget ta 131 da ta isa tashar jirgin ƙasa ta rasa mafi yawan motocinta cikin 'yan kwanaki, kwamandanta ma a can ya mutu. Gaba kura, baya siyaki ke nan: in ka buɗe murfi a harbe ka, in ka rufe ka makance.

YADDA NA'URAR KE AIKI

Dabarar da aka fito da ita mai sauƙin faɗi ce. Ana kakkafa kyamarori a gaba da baya da kowane gefe na motar, a cikin ƙananan gidaje masu sulke, ta yadda abin da kowace ke gani zai ɗan shiga cikin na maƙwabciyarta. Galibi iri biyu ake haɗawa. Akwai ta rana, wadda ke ganin haske da launi kamar idonmu. Akwai kuma mai ganin zafi, wadda ke ɗaukar ɗumin da kowane jiki ke fitarwa, ta mai da shi hoto baƙi da fari, saboda haka tana nuna mutum ko injin mota cikin duhun dare, har ma ta cikin hayaƙi mara kauri.

Hotunan nan duka suna zuwa ga kwamfuta, ita kuma ta yi musu ayyuka biyu. Na farko, ta miƙar da su, domin gilashin kyamara mai faɗin gani yana lanƙwasa abubuwa kamar yadda mutum ke ganin fuskarsa a bayan cokali. Na biyu, ta ɗinke su gefe da gefe, kamar yadda maɗinki ke haɗa ƙyallayen saƙi su zama zane guda, har a sami hoto ɗaya da ya zagaye motar digiri 360. Wannan hoto ana iya nuna shi a allo a gaban direba da kwamanda. Ana kuma iya kai shi cikin wani tabarau da ke haɗe da kwalkwalin kwamanda, wanda ke bin motsin kansa: in ya juya hagu ya ga abin da ke hagun motar, in ya waiga ya ga bayanta, sai ka ce bangon ƙarfen ya zama gilashi.

Wannan dabara ta samo asali daga wurare biyu. Ɗaya shi ne motocin hawa: tun 2007 kamfanin Nissan na Japan ya fara sayar da mota mai kyamarori huɗu da ke nuna wa direba kewayenta lokacin da zai ajiye ta. Ɗayan shi ne jirgin yaƙin Amurka samfurin F-35, wanda aka sa wa kyamarori shida masu ganin zafi, matuƙinsa kuma yana iya duban ƙasa ta cikin kwalkwalinsa kamar babu jirgin a ƙarƙashinsa. A shekarar 2014 sojan Norway suka gwada tuƙa mota mai sulke da tabarau na wasan kwamfuta, Oculus Rift, haɗe da kyamarori. A 2016 kamfanin Elbit na Isra'ila, wanda ke da hannu a ƙera kwalkwalin jirgin can, ya nuna nasa mai suna IronVision a bajekolin makamai na birnin Paris, kuma shi aka sa wa tankar Merkava samfurin Barak da aka fara miƙa wa sojan ƙasar a 2023. Kamfanin Hensoldt na Jamus yana da nasa mai suna SETAS, BAE Systems kuma yana da BattleView 360. Rashawa sun ma wuce nan a tankarsu T-14 da suka nuna a faretin Mosko na 2015, inda suka kwashe mutane gaba ɗaya daga ɗakin igwa mai juyawa, suka zaunar da su ukun a wani akwatin sulke a gaba, kusan duk ganinsu ya dogara ga kyamara.

INDA GIZO KE SAƘA

To, kada 'yan'uwa su ɗauka an gama magana. Akwai matsaloli, kuma ɗaliban injiniya da ke cikinmu za su ji daɗin lissafinsu.

Ta farko ita ce jinkiri. Tsakanin shigar haske cikin kyamara da fitowar hoto a allo, kwamfuta tana cin ɗan lokaci. Motar da ke gudun kilomita 60 cikin sa'a tana shafe kusan mita 17 a kowace daƙiƙa. In hoton ya makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa, direba yana kallon wurin da ya riga ya bari ne a baya da fiye da mita ɗaya da rabi, wannan kuwa ya isa ya raba mai tafiya a gefen hanya da ransa. Bugu da ƙari, idan abin da ido ke gani bai zo daidai da motsin da jiki ke ji ba, sai jiri da tashin zuciya su kama mutum, kamar yadda yakan faru ga mai karatu a cikin mota.

Ta biyu ita ce kaifin gani. Lafiyayyen idon ɗan'adam yana iya rarrabe kimanin ɗigo 60 a cikin kowane digiri ɗaya. In muka ninka 60 sau 360, za mu sami ɗigo 21,600 a zagaye guda. Hoton talabijin mai kyau irin na gidajenmu yana da ɗigo 1,920 ne a faɗinsa. Ke nan sai an jera irinsa fiye da goma sha ɗaya kafin a kamo idon kwamandan da ya fito da kansa waje. Abin da ya gaza haka zai nuna cewa akwai mutum a can nesa, amma ba lalle ya nuna abin da ke hannunsa ba.

Ta uku ita ce bakin ɗinki. Da yake kyamarorin ba a wuri ɗaya suke ba, kowace tana ganin abin da ke kusa ta wata kusurwa dabam. A inda hotuna biyu suka haɗu, abin da ke dab da motar yana iya fitowa biyu, ko ya yanke, ko ya ɓace. Watau makanta tana iya ɓuya a cikin hoton da ke kama da cikakke, wannan kuwa ya fi haɗari, domin wanda ya san shi makaho ne yakan yi lalube, wanda ya ɗauka yana gani kuwa takawa kawai yake yi.

Ta huɗu ita ce yanayi. Laka da ƙura suna rufe gilashin kyamara, ɓarɓashin bam yana fasa shi, shi ya sa ake haɗa wasu da abin wanki. Kyamara mai ganin zafi kuma da bambancin ɗumi take aiki. Da hantsi ko wajen faɗuwar rana, akwai lokacin da ɗumin ƙasa ke zuwa daidai da na abin da ke kanta, sai hoton ya dusashe. Daga ƙarshe, yaƙin Yukren da ya ɓarke gadan-gadan a 2022 ya nuna cewa ƙananan jirage marasa matuƙi masu ɗauke da bam daga sama suke faɗo wa tanka. Na'urar da aka tsara ta duba gabas da yamma, kudu da arewa, yanzu dole ta ɗaga kai ta dubi sama.

GANI DA SANIN ABIN DA AKA GANI

Yanzu mu ɗauka an magance duk waɗannan, hoto ya fito tangararau. Hausawa na cewa gani ya kori ji, amma ba su ce gani ya kori tunani ba. Ranar 17 ga Agusta, 2003, a bakin kurkukun Abu Ghraib na Iraƙi, wani sojan Amurka da ke kan tanka ya harbe Mazen Dana, mai ɗaukar hoto na kamfanin dillancin labarai na Reuters. Rundunar ta ce an ɗauki kyamarar da ke kafaɗarsa a matsayin bindigar harba roka. Ranar 16 ga Afrilu, 2008, a zirin Gaza, wata tankar Isra'ila ta harba wa Fadel Shana, shi ma na Reuters, harsashin da ya kashe shi tare da wasu matasa da ke kusa, alhali motarsa tana ɗauke da alamar 'yan jarida. Kyamararsa ta ɗauki fitowar wutar daga bakin igwar kafin hoton ya yanke. Babban lauyan sojan ƙasar ya ce waɗanda ke cikin tankar sun kasa tantance ko abin da ke kan ƙafafu ukun nan makami ne ko kyamara, ya kuma yanke cewa ba su yi laifi ba.

A duka biyun an ga mutumin sarai. Uzurin ya sauya daga "ban gani ba" zuwa "ban gane ba". Wannan shi ne abin da ya kamata mu ji tsoro game da sabuwar na'urar. Kwamandan da ya fito da kai yana jin kukan yaro, yana jin ihun masu cewa a tsaya, yana haɗa ido da mutane. Wanda ke cikin akwati a rufe yana ganin farar inuwa ce tana motsi a allo. A wasu sababbin tsare-tsaren ma kwamfutar ce ke zana ɗan akwati a kan abin da ta ga yana motsi, ta ja hankalinsa gare shi. Manomin da ya saɓa fartanya da mayaƙin da ya saɓa bindiga, ɗumin jikinsu ɗaya ne.

Dokar yaƙi ta yi magana a kan wannan. Ƙarin Yarjejeniyar Geneva na Farko, na shekarar 1977, ya ce a sashe na 57 wajibi ne mai kai hari ya yi duk abin da zai yiwu don ya tabbatar abin da zai harba ba farar hula ba ne. Sashe na 50 kuma ya ce in an yi shakka ko mutum farar hula ne, to a ɗauke shi farar hula. Amurka da Isra'ila ba su shiga wannan ƙari ba, amma Nijeriya ta shiga a 1988. Mu lura da kalmar "abin da zai yiwu". Abin da ba ya yiwuwa ga direban Yangju a 2002 yana yiwuwa ga wanda aka sa wa kyamara a gefen damansa. Duk lokacin da aka ƙara wa soja ido, an ƙara masa nauyi a gaban doka. Kana kwamfutar da ke iya ɗinke hoto tana iya adana shi, ta yadda mai bincike zai zauna daga baya ya ga daidai abin da kwamanda ya gani a daƙiƙar da ya ba da umarni.

ABIN DA YA SHAFE MU

Ƙasarmu tana sayen irin waɗannan motoci, tana kuma ƙoƙarin ƙera nata. A watan Disamba na 2019 aka ƙaddamar da mota mai sulke mai suna Ezugwu a Kaduna, a 2020 kuma aka karɓo tankoki samfurin VT-4 daga ƙasar Sin. Waɗanda ke cikinsu a dazuzzukan arewa maso gabas yayyenmu ne da ƙannenmu, kuma suna da haƙƙin su ga kwanton ɓaunar da aka yi musu ba tare da sun miƙa kansu ga harsashi ba. Waɗanda ke tafiya a gefen hanya lokacin da jerin motocin zai ratsa kasuwa su ma iyayenmu ne da ƙannenmu. Saboda haka muna da kira iri uku.

Ga 'yan'uwanmu na sashen injiniya da kimiyyar kwamfuta, muna cewa narkar da sulken tanka ya fi ƙarfin ɗakin gwajinmu, amma kyamarori huɗu da ƙaramar kwamfuta ba su fi ƙarfinsa ba. Miƙar da hoto da ɗinke shi lissafi ne da ake koyarwa a aji. Na'urar da aka gwada a sanyin Norway ba ta san ƙurar hunturu ko zafin watan Afrilu a Maiduguri ba, in kuwa ba mu auna ta a nan ba, babu mai auna mana. Aikin da za a yi a kan wannan zai amfani direban tirela da na tankar mai, waɗanda su ma ba sa ganin mai babur da ke gefensu.

Ga ɗaliban shari'a da na aikin jarida, muna cewa ku fara tambaya tun yanzu: shin motocin da ake saye da kuɗin jama'a suna adana hoton da suke ɗauka? A hannun wa yake zama, tsawon wane lokaci, kuma wace kotu ko kwamitin bincike ke da ikon cewa a kawo shi? In ba a rubuta amsar waɗannan cikin doka ba tun kafin wani abu ya faru, ranar da ake bukatar hoton za a ce na'urar ta lalace.

Ga hukumomin da ke horar da sojoji kuwa, muna roƙon a ba koyar da tantancewa muhimmanci daidai da koyar da harbi, a kuma dinga tuna wa matashin da ke gaban allo cewa farar inuwar nan ɗan wani ne, kuma in ya yi shakka, doka ta riga ta faɗa masa abin da zai ɗauka.

Shugaban zama, 'yan'uwa ɗalibai, da a ce motar nan ta Yangju tana da kyamara guda ɗaya a gefen damanta, mai yiwuwa da yaran nan biyu sun isa gidan bikin, da yanzu sun kusa shekara arba'in. Wannan kaɗai ya isa dalilin da za mu yi maraba da na'urar. Sharaɗinmu shi ne duk wanda aka ba wannan ido ya yarda a tambaye shi abin da ya gani da shi, ya kuma kawo hoton a duba.

 Allah Ya ba mu zaman lafiyar da za ta sa motocin nan su yi tsatsa a bariki.